Layi Biyu a Tsallaken Rafi

Tunda na dawo daga ƙasar Gwaram ban sha shayi cikin kwanciyar hankali ba. Da na zauna a teburin mai shayinmu sai wani ya jawo benci ya matso, "Malam Isyaku, wai da gaske ne a ka aka ɗauke ka aka tsallaka da kai rafi?" Wani ya ce shi ya ji an ce da takalmi ɗaya na shigo gari. Na gaji da maimaitawa, kuma na lura duk wanda na ba labarin sai ya ƙara masa gishiri kafin ya kai gaba. Shi ya sa na zauna na rubuta. Wanda ya sake tambayata, takarda zan miƙa masa in ci gaba da shan shayina.

Ga wanda bai san ni ba, a ɗakin gwaje-gwaje na asibiti nake aiki a nan Birnin Kudu, shekara ashirin da 'yan kai. Jini, fitsari, kaki, bayan gida, duk abin da mutum ke kawar da kai in ya gani, ni shi ake kawo mini a kwalba. An ce yabon kai jahilci ne, to amma na iya aikina, kuma kafin wannan tafiyar ina iya dafa ƙirji in ce ban taɓa sa hannu a kan sakamakon da ba daidai ba.

Damina ta yi tsakiya, gero ya fara fid da kai, sai shugabarmu Hajiya Binta ta kira ni ofis. Ta ce an aiko daga wurare biyu cewa amai da gudawa sun ɓarke. Ɗaya ƙauye ne nan kusa, ɗayan kuwa can bayan Basirka, a tsallaken wani rafi. Mota ɗaya ke gare mu, an loda mata katan-katan na ledar ƙarin ruwa da garin kulorin mai kashe ƙwayoyin cuta, kuma kayan ba za su isa a raba biyu ba. Inda gwaji ya nuna kwalara, nan motar za ta.

"Na kusan na ba wa abokin aikinka," in ji ta. "Kai ka ɗauki na nesan, tunda kullum cewa kake ka fi kowa."

Na ce ai gaskiya ce. Ta ce in tafi in nuna.

Abin gwajin ba wani abin tsoro ba ne. 'Yar siririyar takarda ce kamar tsinken sakace, muna ce mata tsinken gwaji. Za a ɗebi kaɗan daga gudawar mara lafiya, sabuwa, a haɗa da wani ruwa da ke zuwa a 'yar kwalba, a girgiza, a tsoma tsinken, a jira minti goma sha biyar. In layi ɗaya ya fito, ba a ga komai ba. In biyu ne, akwai alamar kwalara, sai a tashi tsaye kafin babban ɗakin gwaji ya tabbatar. Ba ya son lantarki, ba ya son na'ura, rana da damshi kawai yake gudu. Guda goma na ɗauka, na jera su a cikin kula tare da safar hannu da robobin ɗaukar samfuri, na rufe.

A tasha aka cusa mu mu huɗu a kujerar baya, kular a kan cinyata. Wata 'yar kasuwa mai jiki da ke kusa da ni ta yi ta leƙen ta har muka wuce Kiyako, daga nan ta kasa haƙuri.

"Malam, kifi ne?"

"A'a, Hajiya. Kayan auna kwalara ne."

Ban rufe baki ba ta manne da ƙofa, na hagu da ni ma ya hau kan maƙwabcinsa. Na yi musu bayani cewa babu komai a ciki sai takardu da robobi sababbi, ba wanda ya saurare ni. Tunda nake hawa motar haya ban taɓa samun wurin zama mai faɗi irin na ranar ba, har ƙafa na miƙe.

A Sara muka iske kasuwa na ci. Direba ya ce minti biyar, ya ɓace cikin 'yan awaki, bai dawo ba sai da na ci gasasshiyar masara biyu na yi hira da mai gyaran rediyo. Da ya dawo kuma taya ta sace. Wannan tsayuwar ita ta cinye mini safiya, kuma daga baya na gane da ba ta faru ba, da ban yi aikin gaggawar da na yi ba. Bayan Gwaram muka tarar da shinge. Mai kaki ya zagayo, ya nuna kular da baki, ya ce a buɗe. Na buɗe, na faɗa masa abin da na faɗa wa Hajiya mai jiki. Ya sa bakin sandarsa ya tura murfin ya rufe, ya ja da baya taku biyu ya ce Allah ya kiyaye hanya.

A Basirka motar haya ta ƙare, sai babur. Wanda aka haɗa ni da shi dattijo ne mai furfura a gemu, Malam Sale, haifaffen ƙauyen da za ni, sana'a ce ta dawo da shi bakin titi. Sunan ƙauyen ba zan faɗa ba, na yi wa mai unguwarsu alkawari, don ba garin da ke son a riƙa tuna shi da kwalara. Mu ce masa Tsallaken Rafi. Malam Sale ya ce iyaka ce sosai, in ka yi atishawa a gonarsu daga ƙasar Bauchi ake yi maka addu'a, kuma rabin matan garin can suke cin kasuwa. Ya ɗaure kular a tankin babur da roba, muka shiga wata 'yar hanya tsakanin gonaki, ganyen dawa na marin mu a fuska. Sau biyu muka faɗi a taɓo, duka biyun shi ya fara miƙewa ya duba kular kafin ya tambayi lafiyata.

To ga maganar rafi, tunda ita ta fi damun mutane. Ba a ɗauke ni a ka ba. Kular aka ɗauka a ka, babur kuma ƙarti huɗu suka zura masa itace suka saɓa a kafaɗa. Ni da ƙafata na shiga, ruwa har ƙugu. Maganar takalmi kuwa gaskiya ce, na dama ya zame a tsakiyar ruwa, ban sake ganinsa ba. Da muka haye, ɗaya daga cikin masu ɗaukar babur ya dubi gabas ya ce, "In aka ƙara ruwan sama ɗaya mai ƙarfi, ko raƙumi ba zai haye nan ba sai bayan kwana biyu."

Ana kiran la'asar muka isa. Asibitin ɗaki biyu ne, an kafa rumfar zana a gefe don ɗakunan sun cika. Mai kula da wurin, Malama Rabi, ta fito tarye ni idanunta jajur don rashin barci. Mutum bakwai ke kwance, biyu kuma an riga an binne su kafin in zo. Shida na iya shan ruwan gishiri da sukari suna riƙewa. Ta bakwai ita ce abin ji, wata mai jego 'yar kimanin shekara ashirin da biyar, Habiba, kwance a ƙuryar rumfa. Idanunta sun faɗa, in ka tsunkuli fatar hannunta sai ta tsaya a tsaye ba ta koma ba, kuma duk abin da aka ba ta ta baki amai ke dawo da shi. Ledar ƙarin ruwa ce kaɗai ke riƙe da ita.

"Leda uku ta rage mini," in ji Malama Rabi. "In na ja su a hankali za su kai mu hantsin gobe. Bayan nan sai abin da Allah ya yi."

Akwai wata tsohuwa da ke kai da kawo a wurin, doguwa siririya, da ganin ta ka ga jinin Fulani ko da yake Hausa ce a bakinta. Inna Dije ake ce mata. Ba ma'aikaciya ba ce, tun ranar da cutar ta fara ta ɗauki tsintsiya da bokiti ta zo, ita ke wanke fo da tasoshi da ruwan kulorin da Malama Rabi ke haɗa mata. Na lura tana tsugunnawa gaban kowa, ta ba wannan ruwa, ta gyara wa wancan zane, amma in ta zo daidai tabarmar Habiba sai ta kawar da kai ta wuce. Na tambaye ta wa ya fi jin jiki, ta nuna da haɓa ba tare da ta duba ba, ta ce, "Waccan ta ƙuryar." A raina na ce wannan tsohuwa akwai taurin zuciya.

Mutanen nan sun iya karɓar baƙo har abin ya yi yawa. Kafin in ce wani abu an shimfiɗa mini tabarma a gindin ɗorawa, nesa da rumfa, an kawo matashi, an kawo silifa aro. Aka miƙo ruwa a moɗa na ƙi, aka kawo fura na ƙi, fuskoki suka fara canzawa, sai da Inna Dije ta kawo kunun tsamiya yana tururi na karɓa aka samu zaman lafiya. A gida, a wurin aikinmu, ba mai ba ka ko kujera, sai dai a miƙo maka kwalba ta taga. Gajiya ga ta, girmamawa ga ta, sai na miƙe ƙafa. Na ba Malama Rabi robobi biyar na ce a ɗebo mini daga mutum biyar. Ita kuma aka kira ta allurar hannun Habiba ta goce, sai ta miƙa wa Inna Dije. Ka'idar aikina ita ce in tsaya a kai in ga yadda aka ɗeba. Na sani sarai, na koya wa ɗalibai haka, amma na zauna ina shan kunu.

Can sai ga Inna Dije da robobin jere a kan faifai, an lulluɓe su da tsumma mai tsafta kamar abincin suruki. Ta durƙusa ta ajiye, ta ja gefe. Na sa rigar aikina shuɗiya da safar hannu na buɗe. Ruwa ne tsararo, fari-fari kamar na wankin shinkafa, irin wanda duk ma'aikacin lafiya ya sani. Abin da ya rasa shi ne ƙarnin nan nasa mai kama da na kifi. Maimakon in tsaya in yi tunani, sai na ce, "Inna, ban taɓa ganin samfuri mai tsafta irin wannan ba." Ta sunkuyar da kai, ta ji daɗi. Ina cikin ɗiba ɗaya ta fantsamo mini a gaban riga, na cire rigar na ƙulle a leda, na ce da safe na jiƙa ta a kulorin.

Na tsoma tsinke biyar, na duba agogo. Minti goma sha biyar, layi ɗaya-ɗaya duka. Na ƙara musu lokaci, ba abin da ya canza.

Malama Rabi ta daɗe tana kallon su. Ta ce, "Malam, ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Wallahi wannan kwalara ce."

Na ce mata na yarda tsinke kan yi kuskure, ba annabi ba ne, amma biyar a jere? Na faɗa da irin muryar da nake yi wa ɗalibai magana. Ta juya ta koma rumfa.

A garin wuri ɗaya ake samun waya, wani tudu mai suri a bayan makabarta. Na hau na kira Hajiya Binta na gaya mata layi ɗaya ne. Ta ce can ma layi ɗaya abokin aikina ya samu, amma sun fi mu yawan jama'a, saboda haka gobe da ƙarfe tara motar can za ta nufa. Na ambaci Habiba. Ta ce a yi ƙoƙari a fito da ita Basirka. Ni da ita mun san ba a ɗora mai irin wannan hali a babur, balle a tsallaka rafi da ita.

A zauren mai unguwa aka sauke ni. Bayan magariba aka kawo tuwon dawa da miyar yakuwa, man shanu na yawo a kai, da zafinsa. Mai gidan ya ajiye ya fita, don a wurinsu ba a zama a sa wa baƙo ido yana cin abinci. A gidana kuwa in ka yi baƙo, yara ne za su kewaye shi suna ƙirga masa loma. Malam Sale kaɗai ya zauna muka ci tare, sai na yi masa ƙorafin tsohuwar nan da ke tsallake tabarmar Habiba.

Ya tsame hannu daga kwano ya dube ni. "Malam, ai 'yarta ce. 'Yar fari."

Na ce to shi ne me?

"Kunya mana. Tunda ta haife ta ba ta taɓa kiran sunanta ba. Kakarta ce ta raine ta. Ko a hanya suka haɗu ba ta tsayawa. Kana zaton don wa ta ɗauki bokiti ta zo asibiti? Don ta riƙa jin numfashinta ne daga nesa."

Sai na tuna mahaifiyata, Allah ya jiƙan ta, ita ma ba ta faɗin sunan yayana, sai dai ta ce "mai sunan malam". A birni abin ya zama tarihi. Uwar 'ya'yana in ta ƙwala wa ɗanmu na fari kira, har 'yan layin baya sun san an aike shi. Na ji kunyar zargin da na yi wa tsohuwar, kuma tuwon ya daina yi mini daɗi.

Da na idar da sallar asuba gari ya fara haske, na ɗauko ledar rigata don in kai ta a jiƙa. Na kwance, na ɗaga rigar. Duk inda samfurin ya fantsama ya koɗe ya zama fari tas, ɗigo-ɗigo a kan shuɗi. Ni kuwa ban sa mata komai ba tukuna. Gudawa ba ta koɗar da tufa, ko ta wace cuta ce. Ruwa ba ya tsami banza. Na zura silifan aro na nufi asibiti, ko hula ban ɗauka ba.

Na iske Inna Dije a bayan rumfa tana wanke tasoshi. Na gaishe ta, ta amsa, muka gama tambayar kwana da gajiya da masu jiki, don ko gobara ake yi a garin nan sai an gama gaisuwa. Sannan na nuna mata rigar.

"Inna, abin da kika kawo mini jiya, kin zuba masa wani abu?"

Ta dubi bokitin da ke gabanta. "Ɗan ruwan maganin nan ne, Malam. Kaɗan-kaɗan."

"Me ya sa?"

"Haba Malam. Babban mutum, baƙo, namiji, ka taso tun daga birni, a ɗauko ƙazanta haka tsirara a ajiye maka a gaba kana shan kunu? Ai ba tarbiyya." Ta nuna ƙuryar rumfa da haɓa. "Na waccan ma sau biyu na zuba. 'Ya mace ce."

Ban yi fushi ba, kuma ba don ina da haƙuri ba ne, don na san inda laifin yake. Na tsugunna na yi mata bayani a hankali, cewa ruwan nan aikinsa kashe cutar da lalata ta, shi ya sa ake wanke bokiti da shi. Tsinkena kuwa sawun cutar yake nema, in an share sawun ba abin da zai gani. Na gaya mata maganar motar, da ƙarfe tara, da inda za ta nufa.

Ta ajiye tasar da ke hannunta a hankali. "Kenan da hannuna na kore mata motar?"

"Da hannunki da zamana a gindin ɗorawa, Inna. Ke ba wanda ya gaya miki. Ni na sani na zauna."

Tsinke biyar suka rage mini, lokaci kuma ya kusa ƙarfe takwas. Malama Rabi ta riga ta rataya ledar ƙarshe. Na gaya mata abin da ya faru, ba ta ce "ai na faɗa" ba, kuma har gobe ina ganin girmanta saboda wannan. Na fito da sabuwar roba daga ledarta na ce wannan karon kai tsaye za a tara, ba daga fo ba, ba daga ƙasa ba. Matsalar ita ce Habiba ba ta iya ɗagawa, Malama Rabi na riƙe da hannun da allura ke ciki don jijiyar da ƙyar aka same ta, ni kuma namiji ne. Sauran matan da ke wurin kowace na fama da nata. Muka dubi Inna Dije. Tana tsaye a bakin rumfa, fuskarta na kallon gona.

Na ce, "Inna, ranar wanka ba a ɓoyon cibi."

Ta tsaya kamar ba ta ji ba. Sannan ta kwance mayafinta ta ɗaure a ƙugu, ta wanke hannu, ta sa safar da na miƙa mata, ta taka har ƙuryar. Na juya baya na fita. Ta cikin zana na ji tana cewa ƙasa-ƙasa, "Sannu. Sannu. Jingino nan." Da ta fito da robar ba faifai, ba lulluɓi, ta miƙo mini hannu da hannu. Na buɗe, ƙarnin ya doki hancina, ban taɓa murnar jin wari irin ta ranar ba.

Na haɗa, na tsoma, na ajiye a kan murfin kula a inuwa. Wannan karon ba ni kaɗai ke kallo ba, Inna Dije ta tsugunna kusa da ni, ta ce in nuna mata inda ake dubawa. Layin farko ya fito nan da nan. Muka jira. Wajen minti na goma sai wani ja-ja ya fara bayyana a ƙasansa, kamar an ja zare, ya yi ta ƙara duhu. Na cika lokacin duk da haka. Na gwada na wasu mutum biyu da aka ɗeba a gaban idon Malama Rabi, su ma layi biyu.

Na ruga tudun suri, silifa ɗaya ta tsinke a hanya na bar ta. Ƙarfe tara saura kwata Hajiya Binta ta ɗaga waya. Na yi ƙoƙarin tura mata hoto ya ƙi tafiya.

"Jiya ka ce mini layi ɗaya," in ji ta.

"Jiya na yi kuskure, Hajiya. Kulorin ya shiga samfurin, ban tsaya a kai ba. Yau na tsaya. Uku na gwada, ukun layi biyu."

Shekara ashirin ban taɓa cewa "na yi kuskure" a wurin aiki ba, sai ga shi maganar ta fita sumul. Hajiya ta ce, "Ka tabbata?" Na ce na tabbata, kuma in babban ɗakin gwaji ya ƙaryata ni ta karɓi rigata. Na ji ta ɗaga murya tana kiran direba.

Ledar ƙarshe ta ƙare wajen sha ɗaya. Daga nan sai cokali. Malama Rabi ta ce a riƙa ɗiga wa Habiba ruwan gishiri da sukari, cokali ɗaya, a jira, a sake, ko ta amayar a ci gaba. Inna Dije ce ta zauna da kan 'yarta a cinya tana yi, ba ta ɗaga ido ta dubi kowa ba, kowa kuma ya yi kamar bai gan ta ba. Wannan ita ce irin tasu karar. Gabas ta fara haɗa hadari. Mai unguwa ya tara maza ya tura su bakin rafi su jira, ni ma na bi su, don zama a wurin ya gagare ni.

Ana kiran azahar muka hango motar a ɗaya gaɓar, ta kutso ta hanyar gonakin nan da ƙyar. Katan-katan suka hau kawuna, mutum bayan mutum, ruwa ya kai wa gajerunsu ƙirji. Na aika wa direba samfurin da na shirya wa babban ɗakin gwaji na ce kada ya tsaya ko'ina. Katan na farko Malam Sale ya ɗaure a babur ya yi gaba, kafin in iso a ƙafa har Malama Rabi ta rataya sabuwar leda ta buɗe ta sosai. Da la'asar ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya, rafin ya rufe kwana biyu cur, daidai yadda mai ɗaukar babur ɗin nan ya faɗa.

Kwana biyun nan ban zauna a gindin ɗorawa ba. Mun zuba kulorin a randuna, mun zagaya gida-gida ana nuna yadda ake haɗa ruwan gishiri da sukari, an kawo sababbin marasa lafiya huɗu kuma duk sun tashi. Na koya wa Malama Rabi gwajin da tsinke biyun da suka rage, Inna Dije kuma ta zama ita ke hana mata zuba wa samfuri toka ko ƙasa, don ashe wasu haka suke niyyar yi. Na ci tuwon dawa har na fara sonsa. Daga baya sakamakon babban ɗakin gwaji ya fito, kwalara ce, ba a karɓi rigata ba. Tana nan rataye a wurin aikina da ɗigo-ɗigonta, duk ɗalibin da ya zo ita nake fara nuna masa.

Ranar da ruwa ya janye, muna bakin rafi ana zura wa babur itace, sai ga Inna Dije tafe da wani abu a kan faifai, an lulluɓe da tsumma. Kwalbar man shanu ce. Na karɓa na ce, "Inna, wannan dai ba a zuba masa komai ba ko?" Ta rufe baki da gefen mayafi tana dariya har kafaɗunta na rawa. Da ta nutsu sai ta dubi ruwa, ba ta dube ni ba, ta ce:

"Habiba ta ce a gaishe ka. Ta sha kunu, ta karɓi ɗanta."

Ta juya da sauri ta kama hanyar gari, ba ta jira amsa ba. Malam Sale ya tsaya da igiyar roba a hannu yana bin ta da kallo har dawa ta rufe ta.

"Malam," ya ce, "katanga ɗaya ce tsakanin gidanmu da nasu. Ina nan aka haifi yarinyar nan, ina nan aka yi mata aure. Yau na fara jin sunanta a bakin tsohuwar nan."

Ya ɗora kular a ka, na riƙe kwalbar man shanu da hannu biyu, muka shiga ruwa.